Aljihun Ɗan Kwana-Kwana

Da la'asar ya kawo wandon,
ya ɗora a kan kekena,
ya ce, "Malam Hashimu, aljihun dama ya sake yagewa."
Karo na huɗu ke nan tun ƙaramar salla.
Na ce, "Tanimu, duwatsu kake zubawa a ciki?"
Ya yi dariya, ya zazzage mini a faranti.

Tocila ce ta fara faɗowa,
'yar mitsitsiya, ba ta fi babban yatsa ba,
gindinta duk shatin haƙori.
Ya ce a baki ake riƙe ta
ranar da hannu biyu suka yi kaɗan.

Sai filaya, an naɗe mariƙinta da robar tayar keke,
ita ke cizge waya in silin ya rufto
ya ɗaure wa mutum ƙafa.
Sai sukudireba mai baki biyu,
sai wuƙa mai ninkewa,
sai guntun alli, irin wanda nake zana yadi da shi.
Na ce, "Wannan kam nawa ka ɗauke."
Ya ce, "Kai inda za a yanka kake zanawa,
ni ƙofar da na riga na duba,
kada na bayana ya ɓata numfashi
a ɗakin da babu kowa."

Akwai wani ɗan katako
mai kama da yankan kabewa.
Wani kafinta a Ƙofar Ruwa ya tsinto masa cikin shara.
Ko suna ba shi da shi.
Aikinsa ɗaya: ya kwanta a gindin ƙofa
ya hana ta rufewa.
Wani dare a Kantin Kwari, in ji Tanimu,
atamfa da leshi na ci kamar an zuba musu mai,
hayaƙi ya shafe gabas da yamma,
shi ya riƙe musu hanyar fita.
Dukiya ta zama toka,
shi ya fito da ƙuna a gefe guda.

Ga igiya kamu shida, a naɗe kamar gammo.
Ya taɓa zura ta a rijiya a Yakasai
ta fito da akuya, unguwa ta yi ta shewa.
Wata rana kuma ta fito da yaro.
Na ce, "Da rai?"
Sai ya ɗauki usur yana juya shi a tafin hannu,
ya ce, "Wannan ma ƙwallon cikinsa ya fara maƙalewa."
Ban sake tambaya ba.

Can ƙasa, dabino biyu da suka bushe,
da wani makulli wanda ba na gidansa ba.
Wata tsohuwa ce a Kurna ta danƙa masa,
ta ce ya buɗe a hankali, ƙofar tana da gardama.
Kafin ya isa babu ƙofar.
Har yau bai san wa zai mayar wa ba.

Mu jar mota muke gani,
da tsani, da mesa, da jiniya,
in sun makara mu bi su da baƙar magana.
Wa ya taɓa leƙa aljihu?

Na yanko kyalle mai kauri,
na ninka zare, na bi layi uku.
Ina kan na ukun wayarsa ta yi ƙara.
Ya kwashe kayan a hula,
ko sallama bai ƙarasa ba,
ya tsallake kwata ya bi titin Fagge da gudu.

Sai da na zo share shago
na ga ɗan katakon a ƙarƙashin benci.

Ga jiniya can ta nufi Sabon Gari.
Ƙafata ta tsaya a kan keke.
An kira magariba, maƙwabta sun ja ƙyaurensu,
ni na tura shi gindin tawa ƙofar,
na bar ta a buɗe.